Ƙafa ta tashi, lissafi ya ƙi dawowa

Ni malamin lissafi ne a wata kwaleji a nan Damagaram, na daɗe ina riƙe da alli. Bara da bazara na gamu da abin da likitocinmu ke kira AVC, mu kuma muke cewa shanyewar ɓarin jiki. Nawa ya same ni a tushen ƙwaƙwalwa, can ƙasan ƙeya, inda ƙwaƙwalwa ke haɗuwa da lakar baya. Wurin da ya mutu ƙarami ne ƙwarai, bai kai santimita ɗaya ba. Abin da ya zaunar da ni rubutu shi ne abin da ya biyo baya: wasu sassan kaina da ciwon bai taɓa ba, jijiyoyinsu a buɗe, namansu lafiya lau, su ma jinin da ke shigarsu ya ragu, aikinsu ya yi sanyi. Wahalar wannan ta fi mini wahalar ƙafa, kuma na daɗe ban samu mai gaya mini ko mene ne ba. Na san a garin nan akwai masu irin halina, ana ta yi musu barka da warkewa, su kuwa sun san da sauran magana.

Da jiri abin ya fara. Na fito alwalar asuba, na tsuguna, sai tsakar gida ta shiga juyawa da ni. Lokacin zafi ne mai tsanani, dare ma ba a samun barcin kirki, don haka na ɗauka gajiya ce. Sai buta ta suɓuce daga hannuna na dama, na kai hannu in ɗauka, hannun ya wuce ta. Da na buɗe baki in kira maiɗakina, harshe ya yi nauyi, kalmomi suka fito a cakuɗe. Ta fito da fitila ta haska fuskata, ta ce, "Malam, me ya samu bakinka?" Na ji ta sarai, na san amsar da zan ba ta, bakin ne ya ƙi. Ƙafar dama kuwa ja take yi. Babban ɗana ya buga wa maƙwabcinmu ƙofa, suka cicciɓe ni cikin adaidaita, sai asibiti.

Allah ya saka wa maiɗakina da alheri, ba ta bari an ɗura mini komai ba. Kafin mu fita an riga an miƙo kofin ruwa, wata tsohuwa kuma ta ce a jiƙa rubutu. Ta ce a bari sai likita ya gani. A irin wannan ciwo haɗiya na iya lalacewa mutum bai sani ba, ruwan ya bi hanyar iska ya sauka huhu, ciwon huhu ya biyo baya, kuma shi ke ɗauke da yawa daga cikin waɗanda suka tsallake bugun farko. Addu'a ana yin ta a hanya, tofi ma ba ya hana tafiya. Lokaci ne ba ya jira: inda ake da allurar narkar da gudan jini, cikin awa huɗu da rabi na farko ake yin ta.

A asibiti majo, wato babban ma'aikacin jinya, ya ɗaura mini abin awo, ya duba, ya sake ɗaurawa a ɗaya hannun. Tansiyon 19 bisa 11. Ya tambaye ni ko ina shan maganin hawan jini, na girgiza kai. Ban taɓa sanin ina da shi ba. Mutum na iya yawo da shi shekaru ko ciwon kai bai yi ba. Aka auna suga, aka sa ƙarin ruwa, aka rubuta skana, wato hoton cikin kai.

Skana ta fito ba ta nuna komai ba. Yayana, wanda shi ne uba gare mu tun rasuwar mahaifinmu, ya riƙe fim ɗin yana jujjuya shi a hasken taga, ya ce, "To in na'ura ba ta ga ciwo ba, ai ba na asibiti ba ne. Mu ɗauke shi mu nemi na gida." Likitan matashi ne mai natsuwa. Ya ce, "Alhaji, ku yi haƙuri ku zauna in yi muku bayani." Ya ce AVC iri biyu ne: wanda jijiya ta fashe jini ya zuba, da wanda jijiya ta toshe jini ya kasa wucewa, na biyun kuma ya fi yawa nesa ba kusa ba. Babban aikin skana a ranar farko shi ne ta nuna ko jini ya zuba, domin asfirin da ke taimakon mai toshewa zai ƙara wa mai fashewa zubar jini ne. Ƙaramar toshewa sabuwa kuwa sau da yawa ba ta fitowa a skana, balle a ƙasan ƙeya, inda ƙashi mai kauri ya kewaye wurin yana dagula hoton.

Sai ya koma ga hannunsa da idonsa. Ya sa na bi biro da ido, dama da hagu, sama da ƙasa. Ya sa na fito da harshe, na yaƙe haƙora. Ya ce in taɓa hancina da yatsa, in taɓa yatsarsa, in koma. Da hagu na yi daidai, da dama yatsar ta riƙa rawa tana wuce wuri. Ya sa na ɗora diddigen dama a gwiwar hagu in gangara da shi kan ƙwauri, ya riƙa zamewa. Ya ce jiri da nauyin harshe da rashin saiti, ga kuma raunin ɓari ɗaya, duk baya suke nunawa, tushen ƙwaƙwalwa, ta hagu. Hanyoyin da ke ɗauko umarni daga kai zuwa gaɓoɓi suna tsallakawa ɗaya ɓarin a can ƙasan tushen, shi ya sa ciwon hagu ke bayyana a dama.

Jini yana hawa kai ta manyan jijiyoyi huɗu. Biyu a gaban wuya suke, su ne kake jin bugunsu in ka sa yatsa. Biyu kuma suna bi ta cikin ƙasusuwan wuya ta baya, su shiga ƙoƙon kai, su haɗe su zama ɗaya a gaban tushen. Daga wannan ɗayar rassa sirara ke shiga ciki, kuma hawan jini na shekaru yana kaurara bangonsu har wata rana ɗaya ta toshe. Kusan kashi ɗaya cikin biyar na AVC irin na toshewa a wannan hanya ta baya yake faruwa. Wurin ɗan ƙarami ne, amma cibiyoyin numfashi da bugun zuciya da haɗiya da motsin ido da farkawa duk a nan suke, kuma duk saƙon da zai sauka jiki ko ya hau kai ta nan zai bi.

Gwajin haɗiya ba zan manta da shi ba. Wata ma'aikaciyar jinya ta zaunar da ni sosai, ta ɗebo ruwa a ƙaramin cokali, ta sa yatsu biyu a maƙogwarona, ta ce, "Baba, haɗiye." Na haɗiye. Ta ce in yi magana. Murya ta fito a jiƙe, tari ya sarƙe ni har da hawaye. Ta ajiye cokalin, ta ce ban da ruwa tsura tukuna, don ya fi abu mai kauri haɗari: yana gudu kafin maƙogwaro ya rufe hanyar iska. Aka koma ba ni kunu mai kauri cokali-cokali, ina zaune, haɓa a sunkuye, ba magana lokacin ci, ba kwanciya sai an jima. A zafin bazarar Damagaram kana kallon masu jinya suna ɗaga gorar ruwan sanyi, kai ba dama. Maiɗakina takan jiƙa ƙyalle ta goga mini a leɓe.

Da haɗiya ta daidaita aka sallame ni da ordonans: asfirin, maganin hawan jini, da na rage kitse a jini. Tukunyata ta zama daban, gishiri kaɗan, ban da dunƙulen miya. Na fara zuwa wurin kine, mai koya wa gaɓoɓi motsi: tafiya tsakanin ƙarafa biyu, tsintar gyaɗa daga faranti zuwa kwalba, ɓalle maɓallin riga da mayarwa. Salla daga zaune ta koma tsaye, duk da ruku'u ya daɗe yana tayar mini da jiri. Kafin damina ta ƙare ina zuwa masallacin unguwa da sanda, daga baya na ajiye ta. Duk wanda ya gan ni sai ya ce, "Malam ya warke, alhamdu lillahi." Ni ma haka na zata.

Ashe ba a rabu da Bukar ba. Wani abokin aikina ya kawo mini takardun maki in taya shi fitar da mwayan, wato matsakaicin makin kowane ɗalibi, don in rage zaman kaɗaici. Aiki ne da nake yi da ka ina hira: maki bisa 20, a ninka, a tara, a raba. Na ɗauki sunan farko. Na ninka 13 da 3, na samu 39, na kai ido ga maki na gaba, kafin in dawo 39 ta ɓace. Na sake. Rediyon maƙwabci na magana, yara na wasa a zaure, duk suka shigo mini cikin lissafin. Ninkawa ban manta ta ba, in ka ce 7 sau 8 zan ba ka nan take. Riƙe abu biyu a kai lokaci guda ne ya gagara, da sanin wanne ne farko wanne ne na biye. Ban yi nisa a takardar ba gumi ya jiƙa mini riga, barci ya danne ni da hantsi.

A Kasuwar Dole abin ya fi fitowa fili. Mai tumatir ya ce dala saba'in, na miƙa masa ɗari, na tsaya ina neman canjina a kai ban same shi ba. Lissafin dala ne fa, wanda na tashi da shi tun ina yaron aike. Hayaniyar babura da kiran masu talla suka cika kunnena, na karɓi abin da ya ba ni ban ƙirga ba, na koma gida da rabin cefane. Ga kuma wata mutuwar jiki: in zauna tun safe na san abin da ya kamata in yi, ina so in yi, amma farawar ta ƙi zuwa sai wani ya ce tashi. Abin da ya fi ba ni kunya shi ne kuka. Baƙo zai yi sallama ya ce ya jiki, sai hawaye su ɓalle mini har da shessheƙa, alhali raina ba a ɓace yake ba. Wata rana kuma dariya ce ta kama ni a wurin da ba a dariya. Na rage fita.

Maiɗakina ta ce, "Malam, in wani abu ke damunka, kada ka ɓoye mini." Yayana ya ce, "Ka sa wa ranka ne, ƙanena. Allah ya tashi kafaɗarka, me ya rage?" A bayan fage kuma ana raɗe-raɗin sammu da iska, wai hassadar wurin aiki ce. Ban ga laifinsu ba. Mutum yana tafiya da ƙafarsa, bakinsa ya miƙe, skana ta ce ba komai. Me za su ce? Amma wanda ke cikin abin, irin waɗannan maganganu ƙara masa nauyi suke yi, don har shi kansa yakan fara zargin kansa da lalaci.

Na koma wurin likitan nan na farko. Ya saurare ni har ƙarshe, ya sa na rage 7 daga 100 ina ci gaba da ragewa, ya ba ni kalmomi in riƙe, ya ga inda nake tuntuɓe. Ya rubuta takarda zuwa ga likitan ƙwaƙwalwa a Yamai, da buƙatar hoton IRM. Kano ta fi kusa, mutanenmu da yawa can suke zuwa, amma ina da ƙanwa a Yamai, takarduna kuma duk da Faransanci suke. Ƴan uwa da abokan aiki suka yi karo-karo. Muka shiga kar, babbar motar fasinja, da asuba ni da ɗana, Takeita, Tasawa, Maraɗi, Ƙonni, Dogon Dutsi, Doso, kusan kilomita 900, muka isa da dare.

Kafin a shiga ɗakin IRM sai an yi maka tambayoyi kan ƙarfe, domin na'urar maganaɗisu ce mai ƙarfin gaske: ko an taɓa sa maka ƙarfe a ƙashi, ko na'urar zuciya, ko ɓurɓushin walda ya taɓa shiga idonka. Zobe, agogo, tsabar kuɗi, waya, laya, duk a waje suke tsayawa. Aka kwantar da ni, aka toshe mini kunnuwa, aka kifa wani keji a kaina, aka ba ni ƙwallon roba in matsa in na ji ba daɗi. Gadon ya zame cikin rami. Ƙarar ba ta da kyau, tana bugawa tana sauya salo, kuma ko haɗiyar yawu an ce in yi a hankali. Na rufe ido na kama salati har aka gama. Likitan ya nemi a ƙara wani awo da ake kira ASL, wanda ba ya buƙatar allura: na'urar tana yi wa jinin da ke wucewa ta wuya alama da maganaɗisu, sannan ta duba nawa ne ya isa kowane sashe na ƙwaƙwalwa.

Washegari ya zaunar da mu gaban kwamfuta. Ya fara da hotuna masu baƙi da fari, ya sa bakin biro kan wani ɗan tabo a sashen tsakiya na tushen, ta hagu. "Ga ciwonka, Malam." Wata da watanni ana cewa ba a ga komai ba, yau ga shi. Sai ya buɗe masu launi, inda ja da rawaya ke nuna jini mai yawa, shuɗi ke nuna ƙaranci. Ya nuna ƙaramar ƙwaƙwalwa da ke ƙeya: ɓarin hagu da haske, na dama ya dushe. Ya hau sama wajen goshi, nan kuma hagu ne ya ɗan fi dama sanyi. Gabana ya faɗi. Na ce, "Dokta, nan ma jijiyoyi sun toshe ke nan?" Ya ce, "A'a, Malam." Ya nuna mini hoton jijiyoyin, a buɗe suke. Ya koma baƙi da fari, naman wuraren lafiya lau.

Bayaninsa ga shi yadda na riƙe, na kuma bi na karanta daga baya. Ƙwaƙwalwa ba ta wuce kashi 2 cikin 100 na nauyin jiki ba, amma tana karɓar kusan kashi 15 na jinin da zuciya ke turawa, tana cin kusan kashi 20 na iskar oksijin. Giram 100 nata yana samun kimanin mililita 50 na jini a minti ɗaya. Ba ta da ajiya, don haka jini yana bin aiki ne: sashen da ya himmatu, ƙananan jijiyoyinsa su buɗe cikin ƴan daƙiƙu, sashen da ya yi shiru, su tsuke. Tun a 1890 wasu masana biyu a Ingila, Roy da Sherrington, suka nuna alamar haka. To sassan ƙwaƙwalwa ba sa aiki su kaɗai, juna suke tayarwa. Akwai babbar hanya da ke tasowa daga saman ƙwaƙwalwa, har da yankin goshi, ta sauko ta yada zango a tsakiyar tushen, ta tsallaka zuwa ƙaramar ƙwaƙwalwa ta ɗaya ɓarin. Daga can amsa take komawa sama ta wata hanyar, ita ma da tsallakawa. Tabona a kan wannan zango ya faɗa. Ƙaramar ƙwaƙwalwa ta dama ta daina samun saƙo yadda ta saba, aikinta ya ragu, jininta ya bi sahu. Goshin hagu, abokin hulɗarta, shi ma zagayen ya tsinke masa, ga kuma wasu hanyoyin da ke tasowa daga tushen suna farkar da saman ƙwaƙwalwa. Yankin goshi kuwa shi ke riƙe da tsari, da farawa, da riƙe abu a kai na ɗan lokaci. Ƙaramar ƙwaƙwalwar ma, wadda aka daɗe ana ɗauka saitin jiki kawai take yi, fiye da rabin ƙwayoyin ƙwaƙwalwa a cikinta suke, kuma yanzu an san tana da hannu a tunani da daidaita motsin rai.

Abin yana da suna a likitance, diyaskisis. Wani likita a birnin Zurik na ƙasar Suwis, Constantin von Monakow, shi ya shimfiɗa bayaninsa a 1914, lokacin da babu na'urar da za ta nuna shi. Daga kallon marasa lafiya ya gane cewa rauni a wuri ɗaya yana kashe gwiwar wani wuri mai nisa da ke haɗe da shi. Sai a 1980 Jean-Claude Baron da abokan aikinsa a Faransa suka gan shi da na'urar ɗaukar hoto da ake kira PET: mutum ya samu AVC a ɓari ɗaya na babbar ƙwaƙwalwa, jini da cin oksijin suka ragu a ƙaramar ƙwaƙwalwa ta ɗaya ɓarin. Daga baya aka ga irinsa ga masu rauni a tushen, da PET da wata na'urar da ake kira SPECT, yanzu kuma da IRM.

Da daddare yayana ya kira, ya ce in faɗa masa da Hausa. Na ce, "Yaya, ka san kasuwar ƙauye in ruwa ya yanke hanyarta da damina? Wuta ba ta ci ta ba, rumfuna na nan, rijiya na nan. Motoci ne ba sa isowa, don haka ƴan ga-ruwa ba sa kawo ruwa da yawa, tunda ba mai saye. Ranar da aka samu wata hanya motoci suka fara shigowa, ruwa zai dawo da kansa." Ya yi shiru, sannan ya ce, "Ashe da gaske ciwo ne. Allah ya ba ka lafiya, ƙanena." Tun daga ranar bai sake cewa na sa wa raina ba.

Na tambayi likitan maganin da zai mayar da jinin. Ya ce babu, kuma ba a buƙatarsa, don ba jini wuraren suka rasa ba, aiki suka rasa. A nan nake so masu jinya su buɗe kunne. Masu tallar "maganin buɗe jijiya" da lasifika a kan mota, da waɗanda ke yawo a WhatsApp, ba abin da za su buɗe, jijiyoyin a buɗe suke. Ƙara asfirin bisa abin da aka rubuta na iya jawo zubar jini. Mafi haɗari shi ne mutum ya ji an ce jini ya ragu a kansa, ya bar maganin hawan jini don wai jinin ya hau da ƙarfi; wannan hanyar sake yin AVC ce. Ya gaya mini gaskiya kuma: ga wasu ragin yana gushewa cikin makonni ko watanni yayin da ƙwaƙwalwa ke gyara hanyoyinta, ga wasu yana daɗewa, har sashen ya ɗan tsuke bayan shekaru. Ya bincike ni kan barci da ƙuncin rai, domin kusan mutum ɗaya cikin uku da suka yi AVC suna faɗawa ciwon damuwa, shi ma yana rage kaifin tunani. Kukan nan kuwa ya ce sananne ne ga masu rauni a wannan wuri, linzamin kuka da dariya ne ya saki, kuma akwai ƙwayar da ke rage shi. Ya rubuta mini, cikin ƴan makonni ya lafa.

Sauran aikin a gida aka yi shi, kuma shi ne mai tsawo. Na mayar da duk abin da ke buƙatar tunani zuwa safiya, bayan karin kumallo, rediyo a kashe, ƙofar zaure a rufe. Abu ɗaya a lokaci ɗaya. Duk lambar da na samu a tsakiyar lissafi sai na rubuta ta, ban ƙara dogara da ka ba. In na ji kai ya yi nauyi in tsaya, don na lura in na matsa, washegari gaba ɗaya nake asara. Bayan azahar barci. Ƙaramin karne a aljihu, cefane da saƙo duk a ciki. Da abin ya fara zama, na riƙa ƙara wa kaina wuya da gangan: in buɗe ƙofa hayaniyar yara ta shigo, in kunna rediyo ƙasa-ƙasa, in zaunar da autata in koya mata rabawa, don koyarwa tana tilasta maka riƙe naka tunanin da na yaro tare. Da la'asar nakan je gindin bishiya wurin masu dara, wasan da sai ka hango taku biyu gaba. Da farko cinye ni suke yi nan da nan, dattawan kuma ba su taɓa gajiya da ni ba. Kine ya ƙara mini tafiya kan layi ɗaya, diddige na taɓa yatsa, da rubutu da alli a allon da muka kafa a bango, don hannun dama ya sake koyon saiti. Haddar da nake da ita tun ƙuruciya ba ta taɓu ba, sabuwa ce ke wuyar zama, sai na riƙa ɗaukar aya biyu ina maimaitawa a hanyar masallaci.

Da aka koma lakol a watan Oktoba na je wurin direkta da takardar likita. Ya cire ni daga ajin masu shirin jarrabawar BEPC, ya ba ni ƙananan azuzuwa, duk da safe. Ina shiga da darasi a rubuce har ƙarshen kowane misali. Yanzu mwayan ina fitar da ita da biro da takarda, kasuwa ina zuwa da sassafe kafin ta cika, canjina kuma ina ƙirga shi. In rana ta take, kai yana gajiya har yanzu, kuma taron biki mai hayaniya ba na daɗewa a ciki. Tansiyon ana auna mini shi a kai a kai, yana zaune wajen 13 bisa 8.

Abin da ke ci mini rai shi ne yadda jinyarmu ke tsayawa ga ƙafa da hannu. Ana tambayar mai AVC ko yana takawa, ko yana ci, ba a tambayarsa ko yana iya riƙe lissafin shagonsa, ko yana kuka ba dalili, ko farawa na yi masa wuya. Ba kowa zai iya zuwa Yamai ba, kuma ba dole ba ne. Hoton da aka yi mini bai sauya magani ko ɗaya ba ban da ƙwayar kuka, abin da ya sauya shi ne yadda gidana ke kallona da yadda na tsara yinina. Gwajin da ke tono matsalar kuwa biro da takarda ne da ƴan mintoci, kowane majo zai iya koyonsa.

Kwanan baya wata maƙwabciya ta shigo wurin maiɗakina tana kuka. Mijinta tela ne, ya yi AVC bayan nawa, yana takawa, yana taka keke, amma ya ɓata yadin mutane har sun fara janye ɗinkinsu, ita kuma tana ganin ya daina kula ne. Na raka su wurin likitan nan. Ya ba shi takarda ya ce ya zana agogo, ya sa ƙarfe goma sha ɗaya da minti goma. Da'irar ta fita daidai, lambobin suka cunkushe, wuri ya ƙare masa kafin ya kai 12, hannun agogon kuma ya rasa inda zai sa su. Likitan ya juya ga matar ya ce, "Malama, ba ganganci yake yi ba," ya yi mata bayani, ya ce a bar masa ɗinki, yaronsa ya riƙa yanka tukuna. Mun shirya zai riƙa zuwa zaurena da safe ran Asabar da Lahadi, da tef ɗin awonsa da tsofaffin jaridu, ya auna, ya rubuta, ya yanka, ni kuma ina duba masa lambobin.